Zaren Gawayi da Yadda Ake Yinsa

Kowa ya san gawayi. Maƙeri ba ya aiki sai da shi. Mai shayi da mai tsire da mai guga, duk abokin sana'arsu ne. Kowa kuma ya san zare. Kakanninmu mata sun kaɗa shi da mazari, masaƙa sun saƙa shi, marina sun rina.

To, amma da za a ce muku akwai zaren da aka yi da gawayi tsantsa, har ana ƙera jikin jirgin sama da shi, me za ku ce? Watakila ku ce tatsuniya ce, gama gawayi ko yaro ya murza shi sai ya zama gari. Ba tatsuniya ba ce. Akwai wannan zare, ana yinsa a manyan masana'antu a Japan da Amurka da Sin da Jamus da Turkiyya da waɗansu ƙasashe. Masana suna ce da shi zaren kabon. Mu a nan za mu kira shi zaren gawayi.

A wannan darasi za mu bi aikin daki-daki. Za mu ga ashe mai toya gawayi na ƙauyenmu ya riga ya san rabin asirin.

Me ya raba gawayi da toka?

In mace ta hura wuta a murhu, itacen yakan ci ya cinye, ya bar toka. In mai gawayi ya tara itace ya sa masa wuta, ba ya barinsa a fili. Sai ya rufe shi da ciyawa da ƙasa, ya bar ƙananan kafofi kaɗan. Bayan 'yan kwanaki ya tone, ya tarar da gawayi. Itace ɗaya, wuta ɗaya, amma nan toka, can gawayi. Me ya kawo haka? Iska ce.

Iskar da muke shaƙa gauraye take. In an kasa ta kashi 5, wajen kashi 1 ana ce da shi oksijin. Shi ne abincin wuta, in babu shi wuta ba ta ci. Sauran wajen kashi 4 kusan duk naitirojin ne, wanda ba ya ciyar da wuta. A cikin kowane itace kuwa akwai wani sinadari da ake kira kabon, haɗe da ruwa da waɗansu abubuwa. In zafi ya taɓa itace ga oksijin a wadace, kabon ɗin sai ya haɗu da oksijin ya bi iska, a bar toka. In aka hana iska shiga, zafin sai ya kori ruwan da sauran abubuwan su fita cikin hayaƙi, kabon ya zauna. Wannan kabon da ya zauna shi ne gawayi.

Ga wani abin lura. Ku ɗauki gawayin ƙirya irin wanda maƙera ke so, ku duba shi da kyau. Za ku ga jijiyoyin itacen suna nan, har gaɓar reshe kuna iya ganewa. Watau gawayi yakan riƙe siffar abin da aka toya. In an toya reshe a sami gawayi mai siffar reshe. To, in aka toya zare fa?

Gwaji da gwangwani

Wannan kuna iya gwada shi da kanku, gani ya kori ji. A sami ƙaramin gwangwani mai murfi, a huda murfin da ƙusa, huji ɗaya. A sa ɗan ƙyallen farar auduga a ciki, a rufe, a ɗora bisa garwashi a fili, ba cikin ɗaki ba. Hayaƙi zai riƙa fita ta hujin. In ya daina, a sauke, a bari ya huce sarai kafin a buɗe. Za ku tarar da ƙyallen ya yi baƙi ƙirin, ya ɗan tsuke, amma saƙarsa tana nan, zare bayan zare. Wannan zaren gawayi ne. Sai dai ku ja shi kaɗan, zai rududduge a hannunku.

Da auduga kaɗai za a yi wannan gwaji. Kada a sa zaren roba ko zaren ulu na kanti, hayaƙinsu guba ne.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A shekarar 1879 wani Ba'amurke, Thomas Edison, yana neman abin da zai sa cikin ƙwan fitilar lantarki ya ba da haske. Sai ya toya zaren auduga ya zama gawayi, ya sa shi cikin ƙwan gilashi da aka zuƙe iskar cikinsa. Fitilar ta yi fiye da awa 13 tana ci. A Ingila ma wani mai suna Joseph Swan ya yi aiki irin wannan. Daga baya Edison ya koma toya siraran tsiyayen gora. Haske ake nema a wurin waɗannan zarurruka, ba ƙarfi ba. Aka yi kusan shekara 80 kafin a sami zaren gawayi mai ƙarfi.

Me ya sa auduga ba ta yi ba?

Ƙasarmu ta Zamfara ƙasar auduga ce tun kaka da kakanni. Manomi a Bakura ko Maradun yana iya tambaya, me ya hana a yi wannan zare mai tsada da audugarsa? Dalilai uku ne.

Na ɗaya, silin auduga gajere ne, tsawonsa bai fi gaɓar yatsa ba. Mai kaɗi murɗa gajerun sili take yi su riƙe juna, shi ya sa zaren yake tsawo. In an toya shi, riƙon nan sai ya yi rauni. Masu yin zaren gawayi dogon sili suke so, wanda ba shi da mahaɗi tun daga farko har ƙarshe.

Na biyu, kabon da ke cikin auduga bai kai rabin nauyinta ba, kuma da yawa daga cikinsa yakan gudu cikin hayaƙi. Abin da ke saura wajen rubu'i ne ko ƙasa da haka.

Na uku, abin da ya fita yakan bar ƙananan ramuka a jikin silin. Zare kuwa a wurin da ya fi rauni yake tsinkewa.

Saboda haka masana suka shiga neman wani zaren da za a toya. Sun fara da rayon, watau zaren da ake yi da narkakken ɓargon itace. Ya ba da zaren gawayi, amma asarar ta yi yawa. Sa'an nan wani masani a birnin Osaka na Japan, Akio Shindo, ya gwada zaren akirilik, ya ga ya fi. A shekarar 1959 ya nemi takardar mallakar dabararsa. Wajen 1963 zuwa 1964 waɗansu masana uku a wurin binciken jiragen sama na Farnborough a Ingila, William Watt da William Johnson da Leslie Phillips, suka gano cewa in aka riƙe zaren a miƙe sa'ad da ake gasa shi, ƙarfinsa yakan ƙaru ƙwarai. A 1971 kamfanin Toray na Japan ya fara yinsa don sayarwa. Yau in an kasa zaren gawayin duniya kashi 10, wajen kashi 9 daga akirilik ake yinsa.

Mene ne akirilik?

Kun san shi, ko da ba ku san sunansa ba. Zaren ulu mai launi-launi da mata ke saye a kasuwar Talata Mafara su saƙa wa jarirai hula da safa da rigar sanyi, yawancinsa ba gashin tunkiya ba ne, akirilik ne. Barguna masu laushi da yawa ma haka. Kamfanin DuPont na Amurka ya fara sayar da irin wannan zare a 1950 da sunan Orlon.

Ba a gona ake nomansa ba, daga man fetur ya fito. A matatar mai ana samun wata iska da ake kira furofilin. Sai a haɗa ta da amoniya da iskar da muke shaƙa cikin babbar tukunyar ƙarfe mai zafi. Amoniyar nan ita ce wadda ake yin takin zamani na yuriya da ita, wanda manoman shinkafa na Bakolori suka sani sarai. Abin da ke fitowa wani ruwa ne garau mai guba, sunansa akirilonaitiril. Sunan da tsawo, amma shi ne tushen aikin duka.

Yanzu sai mu bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Guda shida ne.

Mataki na 1: Ƙulla sarƙa

Ruwan nan cike yake da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya ita kaɗai take yawo. Sai a zuba wani magani da zai sa su kama juna, wannan ta riƙe wannan, waccan ta riƙe ta gaba, har dubbai su jeru kamar duwatsun jigida a zare. Ruwan sai ya zama farin gari. Sunan garin a taƙaice PAN. In an kasa nauyinsa kashi 3, wajen kashi 2 kabon ne. Kun ga ya fi auduga nesa. Na zaren gawayi ya fi na saƙar hula tsabta, gama ɗan datti kaɗan yana iya zama wurin tsinkewa.

Mataki na 2: Fid da sili

Wannan gari ba ya narkewa cikin ruwa. Sai a narka shi cikin wani ruwan magani, ya yi kauri kamar zuma, a tace shi. Kun san injin taliya, yadda ake matsa kwaɓaɓɓiyar fulawa ta fito sili-sili? Haka ake yi a nan. Ana tura kwaɓin ta cikin wani faifan ƙarfe mai dubban huji, kowane huji ya fi bakin allura ƙanƙanta nesa. Silin na fitowa sai su faɗa cikin kwamin ruwa, ruwan ya janye maganin, su daskare. Sa'an nan a wanke su, a shafa musu ɗan mai don kada su manne da juna, a busar.

Ba a murɗa su kamar abawa. A jere suke tafiya, dami guda. Akwai dami mai sili 3,000, akwai mai 12,000, akwai mai 24,000, har da wanda ya fi haka.

Mataki na 3: Miƙewa

Sa'ad da sili ya fito, sarƙoƙin da ke cikinsa a cukurkuɗe suke, wannan ta dubi gabas, waccan ta dubi kudu. Ku tuna da karan dawa. In yana warwatse a gona ba ya ɗaukar komai. In aka jera shi kai ɗaya aka ɗaure tamau, sai a yi gado da shi. To, domin a jera sarƙoƙin nan, ana bi da zaren cikin ruwan zafi da tururi ana jansa, har tsawonsa ya ninka sau da yawa. Silin ya ƙara sirancewa, sarƙoƙin duk su kwanta bisa tsawonsa.

Wannan mataki shi ne uwar ƙarfin zaren. Hausawa sun ce itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ba a miƙe ba a nan, in ya zama gawayi gyaransa sai da wahala mai yawa.

Mataki na 4: Gashi cikin iska

Akwai wata matsala. Akirilik ba kamar itace ba ne. In ya ji wuta mai ƙarfi farat ɗaya sai ya yi laushi, silin su manne, su lalace. Saboda haka dole a fara horar da shi. Ana bi da zaren cikin manyan tandu masu zafin digiri 200 zuwa 300. Don ku gane wannan awo, ruwa yana tafasa a digiri 100. A wannan mataki ana barin iska ta shiga da gangan. Zaren yana tafiya a hankali bisa naɗaɗɗun ƙarafa masu juyawa, a miƙe, ba a sassauta masa. Yakan yi kamar rabin awa zuwa awa 2 a ciki.

Mai kallo zai ga launinsa yana sakewa. Ya shiga fari fat, ya koma ruwan ɗorawa, ya koma ruwan ƙasa, ya fito baƙi. A cikinsa kuwa kowace sarƙa tana ƙulla zobba a gefenta, ta zama kamar tsani mai ƙafa biyu maimakon igiya guda. Daga nan zaren ba ya sake narkewa.

Wannan shi ne mataki mai wuya. Zaren da kansa yana fid da zafi sa'ad da yake sakewa. In aka yi gaggawa aka ƙara wuta, zafin sai ya taru, damin ya kama da wuta, aikin yini ya tafi. In kuma aka fid da shi bai gasu har ciki ba, zai lalace a tandu na gaba. Mai tuyar masa ta san wannan: wuta ta yi yawa, baya ya ƙone, ciki ɗanye. Sannu ba ta hana zuwa.

Baƙin zaren da ya fito daga nan bai zama gawayi ba tukuna, amma ba ya kama wuta da sauƙi. Shi ya sa ake sayar da wani a haka, a yi tufafin masu aiki kusa da wuta.

Mataki na 5: Toyawa ba iska

Nan ne muka zo aikin mai gawayi. Shi da ƙasa yake toshe iska. Su kuwa ba su iya rufe tandunsu ruf, gama zare yana shiga ta wannan baki yana fita ta wancan, dare da rana. Dabararsu ita ce su riƙa hura naitirojin tsantsa cikin tandun, ya cika shi, ya hana oksijin shiga. Kun tuna naitirojin ba ya ciyar da wuta.

Zaren yakan fara bi ta tandu mai zafin digiri ɗaruruwa, sa'an nan ya shiga mai digiri 1,000 zuwa 1,500. Wannan zafi ya yi kusa da wanda ke narka ƙarfe. 'Yan mintoci kaɗan yake yi a ciki. Kusan duk abin da ba kabon ba sai ya fita cikin hayaƙi. A cikin hayaƙin akwai tururin ruwa da amoniya da wata muguwar guba, irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci. Ba a sakin hayaƙin haka nan, sai an ƙone gubar a wani tandu dabam.

Tsanukan nan da muka ambata sai su haɗu gefe da gefe, su zama shimfiɗa mai gida-gida, kowane gida kusurwa 6, kamar saƙar zuma. Shimfiɗun duk suna kwance bisa tsawon silin, domin tun farko an miƙe su. Ga inda ƙarfin yake. Gawayin itace ma kabon ne, amma nasa a hargitse yake, cike da ramuka, shi ya sa yake murjewa.

Zaren yakan rasa wajen rabin nauyinsa a wannan aiki. Kilo 2 na akirilik shi ke ba da wajen kilo 1. Abin da ya fito fiye da kashi 90 cikin 100 kabon ne. Sirantarsa kuwa, sai an jera sili kamar 10 kafin a sami kaurin gashin kai guda. In ana son zaren da ya fi ƙin miƙuwa, akan ƙara bi da shi cikin tandu mai digiri 2,000 zuwa 3,000.

Mataki na 6: Gyaran fata da naɗi

Jikin sabon silin santsi gare shi, danƙo ba ya kama shi sosai. Sai a bi da shi cikin wani ruwa da aka sa wa lantarki, ya ɗan gyara fatarsa yadda danƙo zai riƙe. Sa'an nan a shafa masa wani abu siriri, kamar yadda ake sa wa tufa sitaci, don kada ya karairaye wurin saƙa. A busar, a naɗe a ƙwarƙwaro. Aiki ya ƙare.

Zare shi kaɗai ba ya gini

Zaren gawayi yana da ƙarfi in an ja shi bisa tsawonsa. Amma zare zare ne, ba ya tsayuwa da kansa. Magina sun san maganin wannan. Ƙasa ita kaɗai takan tsage, sai an kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa. Rufin soro kuma, azara ke ɗaukar nauyi, ƙasa ta riƙe azara a wurinta. Kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Haka ake yi da zaren gawayi. Ana saƙa shi kamar tufa, ko a jera shi falle-falle, wannan falle ya dubi nan, na bisansa ya gitta. Sai a jiƙa da wani danƙo mai ƙarfi, a shimfiɗa cikin mazubi mai siffar abin da ake so, a matse, a gasa har danƙon ya daskare. Zaren shi ne azara, danƙon shi ne ƙasa.

In aka auna zaren gawayi da ƙarfe masu girma ɗaya, nauyin zaren wajen rubu'in na ƙarfen ne. In kuma aka gwada su nauyi da nauyi wajen ja, ya fi ƙarfen gini ƙarfi ninki da yawa. Ba ya tsatsa. Saboda haka duk inda ake son ƙarfi ba a son nauyi, can ake kai shi. Jirgin sama samfurin Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011, wajen rabin nauyin jikinsa irin wannan haɗi ne, galibi na zaren gawayi. Kamfanin jiragen Habasha shi ya fara kawo irinsa Afirka a 2012. Jirgi mara nauyi ba ya shan mai da yawa. Ana kuma sa zaren cikin fukafukan manyan fankoki masu samar da lantarki daga iska, da kekunan tsere, da sandunan kamun kifi, da tukwanen ajiyar gas, da ƙafar da ake yi wa wanda ya rasa tasa.

Kowane gwani da aibinsa

Aibi na farko tsada. Kun ga yawan wutar da tandunan nan ke ci, ga rabin kayan yana tafiya cikin hayaƙi. Shi ya sa kilo ɗaya nasa ya fi kilo ɗaya na ƙarfe kuɗi ninki da yawa. Ba a yin fartanya da shi.

Aibi na biyu, ba ya lanƙwasa ya zauna. Ƙarfe in ya bugu sai ya lotsa, maƙeri ya miƙe shi, mai walda ya liƙe. Wannan kuwa in bugun ya fi ƙarfinsa sai ya tsage ko ya fashe, wani lokaci tsagar tana ciki ba a gani. Kamfanin Rolls-Royce na Ingila ya ɗanɗana wannan. Sun yi fukafukan injin jirgin sama da zaren gawayi. Da yake tsuntsu kan faɗa cikin injin jirgi, dole a gwada. A 1970 aka harba mushen kaza cikin injin yana gudu, fukafukan suka farfashe. Dole suka koma na ƙarfe. Wannan asara tana cikin abubuwan da suka durƙusar da kamfanin a 1971, har gwamnatin Ingila ta karɓe shi. Daga baya masana suka koyi yadda za a jera zaren ya jure bugu.

Abin da ya shafe mu

Wani zai ce wannan duk labarin nesa ne. To, ga abin da ya zo har ƙofar gidanmu.

Na ɗaya, kun ji cewa akirilik sai an horar da shi a hankali yake daina narkewa. Wanda ke jikin 'ya'yanmu ba a horar da shi ba. Lokacin hunturu yara kan sa rigar ulu su zauna bakin wuta suna jin ɗumi. In harshen wuta ya taɓa ta, takan kama da sauri, ta narke, ta manne wa fata. Auduga ma tana cin wuta, amma ba ta narkewa. Saboda haka a nisanta yaro mai rigar ulu da murhu da fitilar aci-bal-bal, kada kuma a shanya bargo bisa garwashi. In tsautsayi ya auku, kada a bar yaron ya ruga da gudu. A kwantar da shi, a mirgina shi a ƙasa, a kashe wutar. A yi ta zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin kamar minti 20. Kada a ɓamɓare abin da ya manne wa fata, kada a shafa toka ko man gyaɗa. A kai shi asibiti.

In kuna so ku san irin zaren da kuka saya, ku yanki ɗan guntu, ku riƙe da awartaki, ku kai shi bakin ashana a fili. Auduga takan yi warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Gashin tunkiya yakan yi ƙaurin gashi. Akirilik kuwa yakan tsuke, ya narke, ya yi baƙin hayaƙi, ya bar ɗan baƙin dunƙule mai tauri.

Na biyu, zaren gawayi yana ɗaukar lantarki kamar waya. Masu su a tafkin Bakolori da gulbi, in wani ya sami doguwar baƙar sandar fatsa mara nauyi irin ta waje, kada ya ɗaga ta kusa da wayar lantarki, kada kuma ya riƙe ta a tsaye lokacin tsawa.

Na uku, a kasuwa za ku ga marfin waya da kayan adon babur masu zanen baƙar saƙa, ana cewa na kabon ne. Da yawansu roba ce aka zana. Na gaskiya ba ya araha.

Na huɗu, manomin auduga kada ya karaya. Zaren gawayi ba kishiyar auduga ba ne. Ba a ɗinka riga da shi, ba ya shan gumi, ba ya ba da angurya. Kowanne da aikinsa. Masana kuma suna nan suna neman hanyar yin zaren gawayi mai araha daga abin da ke tsiro, domin man fetur ba ya sake tsirowa.

In kun sake wucewa ta wurin da ake toya gawayi, ku tsaya ku duba yadda mai aikin ke toshe kafa nan, ya buɗe can, yana kallon launin hayaƙi. Shi da ido da hanci yake awo. Masu zaren gawayi da ma'aunin zafi da agogo suke nasu. Abin da suke tsaro ɗaya ne: zafi ya isa, iska kada ta yi yawa.

Tambayoyi

1. Me ya sa itacen murhu ke zama toka, na rami kuwa ya zama gawayi?
2. Ku kawo dalilai 3 da suka hana a yi zaren gawayi mai ƙarfi da auduga.
3. Daga ina ake samun akirilik?
4. Don me ake jan zaren kafin a gasa shi?
5. A wane mataki ake barin iska ta shiga, a wane kuma ake hana ta?
6. In ana son kilo 50 na zaren gawayi, kilo nawa na akirilik za a nema?
7. Me za a yi in rigar ulu ta kama wuta a jikin yaro?